Allurar Mura

Ranar Talata ce, saura wata guda Babbar Sallah. Intisar na kan keke tana kalmashe bakin tawul a shagon da take aiki bayan kasuwar Mahalla, sai wayarta ta hau ruri a aljihun riga. Mai shago ba ya son a taɓa waya lokacin aiki, don haka ta ƙyale. Ta katse, ta sake shigowa. A kira na huɗu ta ɗauka.

"Intisar! Ragab ya faɗo!"

Muryar Ummu Ragab ce, amma da ƙyar ta gane ta.

"Daga ina, Hajja?"

"Daga saman naku! Katako ya karye da shi yana shafen bango. An tafi da shi asibiti, ko ido bai buɗe ba, 'yata, ko ido..."

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Sai a cikin tuktuk mai ƙafa uku ta lura silifas ɗin da ke ƙafarta ba nata ba ne.

Saman nasu, ɗaki biyu ne da bayi da Ragab ke ginawa a kan gidan mahaifinsa, hawa na uku. Shekara shida ke nan da karanta musu Fatihar baiko, shi da Intisar. Yayanta Atif, wanda ke riƙe da gida tun rasuwar babansu, ya rantse ba zai ba da ƙanwarsa ga wanda ba shi da ƙofar da zai kulle ba. Bara ya yanke rana. In Babbar Sallar bana ta zo ɗakunan ba su kammalu ba, a warware Fatiha kowa ya kama gabansa.

Tun daga nan Ragab ya raba yininsa biyu. Daga asuba zuwa azahar yana shafa bangon mutane, daga azahar zuwa magariba yana shafa nasa. Bango ɗaya ya rage masa.

A asibiti aka nuna mata bene na biyu. Ta tarar da Ummu Ragab zaune a benci gaban wata farar ƙofa, ƙofar ɗakin da suke kira Inaya, inda ake kwantar da waɗanda jikinsu ya yi tsanani. Haƙarƙarinsa huɗu sun karye, huhu ya bugu, an zira masa bututu a maƙogwaro inji na yi masa numfashi.

Intisar ta nufi ƙofar kai tsaye. Wata ƙatuwar nas mai suna Afaf ta tare ta da hannu ɗaya.

"Ina zuwa, ranki ya daɗe?"

"Wurin Usta Ragab, mai shafen bango. Wanda ya faɗo."

"Mutum ɗaya, minti biyar, ƙarfe huɗu na yamma. Uwa, ko uba, ko mata. Ke wace ce a wurinsa?"



"An karanta mana Fatiha."

"Allah ya sanya alheri. Fatiha ba ta buɗe wannan ƙofar."

* * *

Kwana biyar tana zaune a bencin nan. Ƙarfe huɗu Ummu Ragab ta shiga, ta fito tana sharar ido da gefen mayafi, Intisar ta riƙe ta tana tambaya ɗaya bayan ɗaya. Ya motsa? Ya rame? An aske masa gemu? Ba ya son gemu, yana sa shi ƙaiƙayi.

Ranar ta biyar likitar ɗakin, Dakta Marina, wata siririya mai tabarau, ta fito da fara'a ta ce huhu yana warkewa, gobe ko jibi za a cire bututu. Ummu Ragab ta raba wa duk mutanen bencin alewa. Intisar ta koma gida ta ci abinci, karo na farko tun Talata.

Ranar ta shida zazzaɓi ya rufe shi.

Aka sa masa magani, zazzaɓin bai sauka ba. Aka canja wani, bai sauka ba. Dakta Marina ta daina tsayawa a gaban benci, sai dai ta wuce da sauri kanta a ƙasa.

A gida kuwa Atif ya gaji da shiru. Suna karyawa da safe, ya ture kwanon dafaffen wake gefe.

"Har yaushe za ki riƙa zaman dirshan a ƙofar asibiti? Mutane sun fara magana. Ba matarsa ba, ba ƙanwarsa ba."

"Su yi ta yi, Yaya."

"Mai shago ya aiko. Ya ce keken ba zai jira ki ba."

"To ya ba wata."

Umma ta ajiye butar shayi da ƙarfi. "Ke dai ba ki da amsa sai wadda za ta ƙona rai. Shekararki talatin da biyu, Intisar. Sa'o'inki suna kai yara makaranta, ke kina jiran bango ya bushe. Ga Dakta Magdi sau biyu yana aikowa. Gida hawa uku, kantin magani nasa na kansa, matarsa ta rasu ba ta bar masa ko ɗa ba. Me kike so Allah ya ba ki kuma?"

"Umma, mutum yana can inji na hura masa iska, ke kina zancen hawa uku?"

"Ina zancen 'yata! Uwarsa tana zancen ɗanta, ni wa zai yi zancen tawa?"

Intisar ta yafa mayafi ta fita, shayinta ko kurɓa ba ta yi ba.

* * *

Ranar ta tara Dakta Marina ta tsaya a gabansu riƙe da takarda.

"Hajja, ina so ki tuna da kyau. A watannin nan ya sha mudad? Kafso, ko allura, na kashe ƙwayar cuta?"

"Ɗana? Lafiyayye ne kamar doki, Dakta. Ko mura ba ta taɓa kwantar da shi ba."

"Ba ta kwantar da shi don ba na bari," in ji Intisar.

Su biyun suka juyo suka dube ta.

"Ke kin san abin da yake sha?"

"Ni nake ba shi."

"Kina da sunayensu?"

"Ina da su gaba ɗaya. Ki ba ni awa guda."

Ta je ta dawo rungume da gwangwanin biskit. Likitar ta shigar da ita ofishinta, wani ɗan ɗaki a gefen farar ƙofar. Intisar ta buɗe gwangwanin ta juye a tebur. Katin kafso ne birjik, ja da baƙi, fari, ruwan ɗorawa, babu ko ɗaya da aka shanye. Wani an ci huɗu, wani shida, wani biyu kacal.

Tana zubawa tana bayani, har da ɗan alfahari a muryarta. Ƙurar siminti tana sa shi tari. Da ta ji ya fara sai ta sayo masa mudad ta kai masa saman gini tare da abincin rana. Kwana biyu ya ji dama, ta adana sauran don wani karon, ba ta yarda a yi asara. In abin ya yi ƙarfi kuma, ta ja shi kantin Dakta Magdi a yi masa allurar mura.

Dakta Marina ta cire tabarau.

"Wadda ake fasa kwalba uku a zuƙe a sirinji ɗaya?"

"Ita. Da yamma a yi masa, da asuba ya miƙe garau."

"Sau nawa?"

"Tun bara... wata ɗaya sau biyu. Da sanyi ya shigo kusan duk mako."

Intisar ta tuna yadda Ragab ke tirjewa a bakin kantin, ƙato guda mai ɗaukar buhun siminti a kafaɗa ɗaya. "Dakta Intisar, ki yi wa Allah ki bar ni da shayin lemun tsami." Ita kuma tana tura shi ciki tana dariya. "Usta guda yana tsoron allura! In ka kwanta kwana uku, ni zan hau in yi shafen?"

Dakta Marina ta juyo da takardar gabanta. Intisar a aji huɗu ta tsaya, boko ba ta iya shi ba, amma ido yana gani. Jerin sunaye ne dogo, a gaban kowanne an rubuta harafi ɗaya, shi ne dai, shi ne dai, tun daga sama har ƙasa. Layin ƙarshe ne kaɗai ke da wani harafi daban.

"Mun ɗebi majinar ƙirjinsa mun gwada," in ji likitar. "Waɗannan duk magungunanmu ne. Harafin nan yana nufin ƙwayar da ta kama huhunsa ba ta jin wannan. Ba ta jin wannan. Ba ta jin wannan."

Yatsanta na sauka, Intisar na bin sa da ido.

"Ba zan ɓoye miki ba, ƙwayar a nan ɗakin take zaune. A bututu, a ƙarfen gado, a hannunmu in muka yi sakaci. Shekaru tana cin magungunanmu har ta saba. Amma jikin mutum yana da nasa ƙwayoyin masu tsaron ƙofa. Mura ba ta buƙatar mudad, da kanta take tafiya. Duk wanda ya sha ba dalili, masu tsaron ya kashe, ya bar masu taurin kai. Ita kuma allurar, akwai abin da ke cikinta da ke kwantar da ƙarfin jiki. Da ta nan ta shigo, ba ta tarar da kowa a ƙofa ba."

"Ni na kashe shi ke nan."

"Bai mutu ba. Kuma rabin garin nan haka suke yi, har dangina."

"Don kada ya rasa yini ɗaya ne, Dakta. Yini ɗaya. Yayana ya yanke mana rana..."

Kuka ya ci ƙarfinta. Likitar ta bar ta ta yi, sannan ta ɗora yatsa a layin ƙarshe.

"Wannan ya rage. Tsohon magani ne mai wahalar da ƙoda, ba ma taɓa shi sai an rasa yadda za a yi. Namu ya ƙare, sai wata mai kamawa za a kawo. Shi kuwa ba zai kai wata mai kamawa ba."

* * *

Kwana biyu ana nema. 'Yan'uwan Ragab sun bi kantunan Mahalla ɗaya bayan ɗaya, sun je Tanta, sun je Mansura. Wani ya ce ya ƙare, wani ya ce bai taɓa ajiye shi ba. Wani tsoho a Tanta ya dubi takardar ya ce mutum ɗaya ya sani mai hanya da dillalan Alƙahira, kuma a unguwarsu yake.

Da hantsi Intisar ta shiga kantin Dakta Magdi. Kowa dakta yake ce masa, ko da yake takardar da ke rataye a bango sunan wani ne a kai. Ya ba hamsin baya, gashinsa baƙi ƙirin da rini, farar rigarsa ta sha guga. Mata uku na zaune a benci suna jiran allura.

Ya karɓi takardar, ya karanta, ya ɗaga gira.

"Har an kai nan? Allah ya sawwaƙe. Usta mutumin kirki ne."

"Za ka samo?"

"Waya ɗaya ce. Gobe da safe yana nan cikin ƙanƙara."

Ta dafa kantar da ke tsakaninsu.

"Likita ta ce allurarka ce ta buɗe wa cutar hanya."

Bai ko girgiza ba. Ya sunkuyo ya rage murya.

"Allurata? Ni na je na kamo shi a saman gini? Ke kike jawo shi nan da hannunki, Sitt Intisar. Ke kike cewa, Dakta, yi masa mai ƙarfi, gobe yana da aiki. Na yi ƙarya?"

Bai yi ƙarya ba.

"Ko nawa ne za a haɗa," ta ce.

"Subhanallahi. Wa yake maganar kuɗi? Irin wannan abu ba na sayarwa, dangi nake yi wa." Ya ninke takardar ya sa a aljihun ƙirji. "Ni ba na magana da mata a kan al'amarin maza. Turo min yayanki."

* * *

Atif ya dawo daga kantin bayan azahar. Bai zauna ba, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta yana murza hula.

"Kin san abin da ya ce, magani a bakin aurenki."

"Na sani."

"Ni ban ce dole ba. Ki ji da kyau, ban ce dole ba. Amma ki duba, Intisar. Ko ya tashi, shekara ba zai ɗaga guga ba. Sallah saura kwana goma sha tara. Ranar da na yanke tana nan, a gaban mutane na yanke ta."

"Ranar da ka yanke ita ta hau da shi saman katako ruɓaɓɓe, Yaya."

"Ki ji tsoron Allah! Ni na turo shi?"

"Ba kai ba ne. Ba Magdi ba ne. Ba kowa ba ne. Ni ce." Ta durƙusa ta kama gefen jallabiyarsa. "Yaya, don darajar Baba, ka je ka roƙe shi ya ba da maganin haka nan. Kai namiji ne, zai ji kunyarka. Zan yi masa shara a kanti shekara goma. Zan wanke masa kwalabe."

Atif ya kau da kai, idonsa ya yi ja.

"Na roƙe shi. Wallahi na roƙe shi. Ya ce shi ma shekara uku yana roƙo."

Umma na tsaye a bayansa tana kuka ƙasa-ƙasa. "Ki ceci yaron mutane, ki ceci kanki. Wa ya yi asara?"

Intisar ta daɗe a durƙushe. Daga bisani ta saki rigar.

"Ku karanta."

Washegari da safe ta karɓi ƙaramar kula mai ƙanƙara daga hannun Magdi, ta kai wa nas Afaf da kanta, ta ce kada a faɗa wa Hajja daga inda ta fito. Ƙarfe huɗu na ranar ba ta je benci ba. Tana falo sanye da rigar da Umma ta zaɓa, maza sun ɗaga hannu suna karanta Fatiha, an zuba jan sharbat a kofuna. Da aka shafa, Umma ta leƙa taga ta rangaɗa guɗa.

"Umma, kar ki..."

Ina, ta riga ta fita. Guɗar ta bi layi, ta sha kwana, ta wuce gidan burodi. Gidan su Ragab layi uku ne kawai tsakani.

* * *

Da ta hau bene na biyu washegari, Ummu Ragab ta miƙe tsaye tun kafin ta ƙaraso.

"Amarya! Barka da zuwa. Ku matsa wa amarya ta zauna."

Mutanen bencin suka zuba ido.

"Hajja, ki saurare ni."

"Na saurara jiya. Duk unguwa ta saurara. Ɗana yana numfashi da inji, ke kina shan sharbat! Ba ki iya jira ya mutu ba? Kwana nawa ne? Don wa ya hau can? Don wa ya faɗo?"

"Hajja, maganin da..."

Marin ya sauka kafin ta ƙarasa.

"Kada bakinki ya sake kiran magani a gabana. Kin ɗura masa guba shekara guda, ni ban sani ba, yanzu kin koma wurin mai gubar. Tashi daga ƙofar ɗana."

Intisar ba ta tafi ba. Ta sauka rabin bene, ta zauna a matakala inda ake hango farar ƙofar ta tsakanin ƙarafa. Kullum da safe ta karɓo kula a wurin Magdi, ya ce mata amaryata a gaban mutane, ta haɗiye, ta kawo ta miƙa wa Afaf ta ƙofar baya. Sannan ta koma matakala.

Kwana biyu da fara maganin zazzaɓi ya sauka. Ta ji Ummu Ragab daga sama tana hamdala, tana addu'a ga bawan Allahn da ke aiko da magani, Allah ya gina masa gida a Aljanna. Intisar ta cusa mayafi a baki.

Kwana huɗu, zazzaɓin ya dawo. Fitsarinsa ya ragu. Ƙafafunsa suka kumbura.

Ranar ta bakwai da fara shi, gab da ƙarfe huɗu, Dakta Marina ta fito da sabuwar takarda. Ba ta tsaya a benci ba tukuna, ta sauko matakala ta tsuguna kusa da Intisar ta buɗe mata. Intisar ta kai ido ƙasa kai tsaye.

Layin ƙarshe ma ya koma irin na sauran.

"Ta saba da shi ma?"

"Ta saba."

"Akwai wani?"

Likitar ta girgiza kai, ta miƙe ta hau wurin uwar.

Intisar na jin komai daga inda take. Ta ji salatin Ummu Ragab. Ta ji tana cewa a kira bawan Allahn nan, wanda ya samo wancan zai samo wani. Sai ta ji muryar Afaf, wadda ba ta iya magana a hankali ba.

"Wane bawan Allah, Hajja? Ke a zatonki kular nan daga sama take faɗowa? Waccan da kika mara, ita ke kawo ta kullum ƙarfe bakwai, da sunan kantin Magdi a jikin leda. Ki haɗa da guɗar da kika ji, ki ga abin da zai ba ki. Ni ban faɗa miki ba."

Sai ƙarar silifas, a hankali, mataki ɗaya bayan ɗaya.

Ummu Ragab ta tsaya a kanta. Ta daɗe tana kallonta.

"Tashi."

Ta kama ta a wuyan hannu ta ja ta har gaban farar ƙofar. Afaf ta ɗaga hannu kamar kullum.

"Mutum ɗaya, Hajja."

"Mutum ɗaya ce za ta shiga."

"Uwa, ko uba, ko mata."

"Matarsa ce."

Afaf ta dubi tsohuwar, ta dubi Intisar. Ta ja hanci.

"To, matar Usta, naɗe hannun riga. Zo nan."

Ta kai ta gaban famfo. Ta nuna mata yadda ake yi: tafi da tafi, bayan hannu, tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, babban yatsa shi kaɗai, ƙarƙashin farce, har gwiwar hannu. "Kada ki yi sauri. Kada ki goge da mayafi. Ɗaga su sama haka, kada ki taɓa komai har su bushe." Ta saka mata riga mai ɗauri ta baya, ta rufe mata hanci da baki.

Gado na uku. Da ba don hannunsa ba da ba ta gane shi ba. Fuskar ta kumbura, gemu ya cika ta. Amma hannun nasa ne, da tsagewar da siminti ya yi masa a gefen yatsa.

Ta riƙe.

"Usta. Ni ce. Dakta Intisar ce, mai kashe majinyacinta."

Injin ya hura, ƙirjinsa ya ɗaga, ya sauka.

"Ka ce in bar ka da shayin lemun tsami, na ƙi. Da na bar ka ka kwanta kwana uku. Me kwana uku za ta yi mana, Ragab? Mun yi shekara shida." Hawaye ya jiƙe ƙyallen bakinta. "Na yi wani abu kuma, za ka ji a can, gara ka ji daga bakina. An karanta min Fatiha da Magdi. Na ɗauka zan sayo ka ne. Ka yafe min wannan, ka yafe min wancan. Hajja ta ce ni matarka ce. A gaban nas ta faɗa, da shaidu. Ka ji? Ba sai ka gama bangon ba."

Bai motsa ba. Ta ci gaba da magana, tana ba shi labarin labulen da ta ɗinka, da tukwanen da ke ƙarƙashin gadonta tun shekara huɗu. Minti biyar ta wuce, goma ta wuce. Afaf na tsaye a bakin ƙofa ta juya musu baya.

Washegari da hantsi ya cika.

* * *

Da aka yi arba'in Atif ya tayar da maganar Magdi. Intisar ta yafa baƙin mayafinta ta tafi kantin da kanta.

"Na zo in ce maka ba zan aure ka ba."

"Na cika nawa alkawarin, Sitt Intisar."

"Ka cika. Ni na karya nawa. Allah yana gani, ka kai ƙarata wurinsa, can za ka same ni ina da tawa."

Ya fara faɗa, yana kiran mutane su shaida. Ba ta tsaya ji ba. A bencin bakin ƙofa wata matashiya na zaune kusa da mijinta, yana tari cikin hankici. Intisar ta tsuguna gabanta.

"'Yar'uwa, mura ce. Ki kai shi gida ya kwanta, ki dafa masa shayi. Don Allah kada a yi masa allurar nan."

Matar ta janye ƙafarta, ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke kuma fa? Gobe yana da aiki."

Atif ya yi wata biyar ba ya yi mata magana. Umma har yau in ta ga Magdi ya wuce a motarsa sai ta yi tsaki, ba a san da wa take ba. Mai shago ya mayar da ita kan keke, don ba a samu mai kalmasa irin tata ba.

Kullum ƙarfe huɗu takan ɗauke ƙafa daga keken, ta je famfon da ke bayan shago. Da farko abokan aikinta sun ɗauka alwala ce, yanzu sun daina tambaya. Tafi da tafi, bayan hannu, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce, har gwiwar hannu. Ba ta sauri. Sai ta ɗaga su sama ta tsaya, ba ta taɓa komai ba, har su bushe.